Gyaɗar Roba

Ranar da Radiya ta dawo gidan iyayenta goyon ciki, mijinta Suhaib ya sauke akwati, ya sauke kwandon kayan jariri, sannan ya ciro wani abu shuɗi daga bayan mota yana rungume da shi kamar ɗan rago. Roba ce cike da iska, mai kai biyu da tsukakken tsakiya, in aka tsayar da ita ta kusa kai ƙugun mutum. Ya jingine ta a zaure, ya durƙusa ya gaida surukansa, ya ci abinci kai a sunkuye, ya koma Kaduna inda yake aiki. Bai yi wa kowa bayani ba, ba kuma wanda ya tambaye shi.

Inna Ladi, uwar Radiya, ta jira sai da zauren ya yi shiru sannan ta fito ta zagaya abin. Ta taɓa shi da yatsa, ya lotsa ya dawo. Ita 'yar manoma ce kafin aure ya shigo da ita birnin Zariya, saboda haka kallo ɗaya ta yi masa ta ga gyaɗa mai 'ya'ya biyu. Ta shuka gyaɗa, ta cire, ta ɓare, ta soya, ta yi ƙuli-ƙuli har hannunta ya yi kanta, amma ba ta taɓa ganin wadda ake sawa a mota a kawo gidan surukai ba.

An ce matambayi ba ya ɓata, kuma mai amsar tana nan a ɗaki, taku kaɗan daga inda take tsaye. To amma Radiya 'yar fari ce. Tun da Ladi ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, ba ta taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, ana yaye ta kuma aka miƙa ta ga Gwaggo Hassana, yayar Malam Zailani maigidan, wadda katanga ɗaya ce tsakanin gidanta da nasu. Can ta girma, can aka yi mata aure. In Ladi na son ta ci abinci sai ta dubi turmi ta ce, "Masu jin yunwa dai ga tuwo can." In magana mai nauyi ce, sai ta bi ta bakin Gwaggo ta zagayo. Kada wani ya ɗauka ƙiyayya ce. Ladi na son yarinyar nan so mai ciwo, ita ke zaɓar tsoka mafi girma ta tura ƙarƙashin tuwonta, in an tambaya ta ce ba ta san yadda aka yi ba. Haka uwarta ta yi mata, haka ta ga ana yi, kuma duk unguwar ana misali da alkunyar Ladi.

Don haka sai ta leƙa ta kan katanga.

"Yaya, wancan abin da baƙinku suka zo da shi, na mene ne?"

Gwaggo Hassana ta shiga ɗakin Radiya, ta daɗe, ta fito tana gyara ɗankwali.

"Wai ƙwallon naƙuda ne. Ungozomar da ke mata awo a Kaduna ce ta sa suka saya. Ta ce hawa ake yi."

"Hawa?"

"Kuma wai kwanciya ake yi da shi. Kuma wai a tsakanin ƙafafu ake sawa."

"To wanne ne a ciki, Yaya?"

"Duka. Ke dai bar min, ta nuna min komai. Ranar ni zan riƙe."

Ladi ta koma madafa da ruɗanin da ya fi na ɗazu. Duk haihuwar da ta yi a kan gwiwa ta yi ta, a ɗaka, ita da tsohuwar ungozoma, ba wanda ya ji ko tarinta. Abin da ta sani ke nan: mace ta durƙusa, ta cije, Allah Ya sauke ta. Ina gyaɗa ta shigo a nan?

Washegari da hantsi ta ga abin da ya sa ta kusa zubar da koko. Radiya ce a bakin ƙofar ɗaki, da tulun cikinta, ta haye gyaɗar nan kamar mai tafiya kasuwa a kan jaki, tana lilo gaba da baya, tana danna waya. Har wani lumshe ido take yi, da alama bayanta na samun sauƙi. Ladi ta dubi kaji ta ce, "Abin da iska ta cika dai fashewa yake yi." Radiya ta dubi wayarta ta ce, "Wai yana ɗaukar ƙattan maza ma." Maganar ta ƙare a nan. Amma akwai abin da ya fi fashewa damun Ladi. A ƙauyensu an ce abin da mai ciki ta yawaita kallo yakan fito a jikin ɗa, ga shi yarinya ta tashi da abu mai kai biyu, ta wuni da shi. Kullum Radiya ta shiga wanka sai Ladi ta lallaɓa ta lulluɓe gyaɗar da tsohon zani. Kullum Radiya ta fito sai ta cire zanin, ta ninke shi tsaf, ta ajiye a kan igiya. Ba wadda ta taɓa ce wa wata uffan.

Ana nan, ana nan, sai aka yi rasuwa a ƙauyen dangin mijin Gwaggo Hassana. Ta dubi cikin Radiya ta ce da saura, ta yafa mayafi ta tafi tun da sassafe, wai za ta dawo kafin la'asar. Naƙuda kuwa ba ta san ta'aziyya ba.

Ladi ce ta fara gani. Radiya na shara, sai ta tsaya ta dafa bango, ta sunkuyar da kai, bayan ɗan lokaci ta ci gaba kamar ba abin da ya faru. Can kuma ta sake. Ladi ta san wannan dafa bangon sarai. Amma bakinta ya ƙi buɗuwa, don uwa ba ta cewa 'yar fari naƙuda take yi, ita kuma 'yar fari ba ta faɗa wa uwa. Suka yi ta kewaye juna a tsakar gida, wannan na tankaɗen garin da ta riga ta tankaɗe, waccan na share inda ta riga ta share. Ladi ta kira wayar Gwaggo a ɓoye, wata mata ta ce mata lambar ba ta samuwa. Ta dubi turmi ta ce, "Mai jin ciwo dai shi ke faɗa." Turmi bai amsa ba, Radiya ma haka. Sai da rana ta take, faya ta fashe a bakin rijiya, ruwa ya bi ƙafar yarinyar har ƙasa, sannan alkunya ta ɗan matsa gefe.

Malam Zailani na zaure, ya baje babbar riga a cinya yana mata aiki a wuya.

"Malam, a nemo mana Keke."

"Lafiya?"

"A nemo dai."

Ya dubi fuskarta, ya soke allura a hula, ya fita da takalmi ƙafa ɗaya. Keke mai ƙafa uku ba ya iya shiga lungunsu, dole a taka zuwa bakin titi. Radiya ta fito tana cije leɓe, ta tsaya a zaure, ta ce wa bango, "Kada a manta ƙwallona." Hannun Ladi cike yake da kwando da buta da flas, saboda haka Malam Zailani, dattijo mai furfura, wanda ke jan sallah in liman ba ya nan, shi ya rungumi gyaɗa ya shiga gaba. A bakin masallaci abokansa na zaune a kan tabarma, duk suka bi shi da ido.

"Malam Zailani, tamaula aka koma?"

"Kayan asibiti ne."

"Na wane ciwo?"

"Zamani riga ne," in ji shi, ya ƙara sauri. Shi ma iyakar saninsa ke nan.

Wani ƙaramin asibitin haihuwa ne wajen Ƙofar Gayan, inda Gwaggo ta riga ta yankar wa Radiya kati. Ungozomar da ke aiki ranar Sista Rahama ce, 'yar Wusasa, gajeruwa mai saurin tafiya da saurin baki, ita kaɗai a kan mata uku. Tana ganin gyaɗar ta yi dariya.

"Kai! Rabona da ganin wannan tun wani horo da aka tura mu. Madalla. Wace ce uwarta?"

Ladi ta dubi silin. "Gwaggonta na tafe."

"Ke fa, Mama?"

"Ni rakiya na yi."

Sista ta dubi hancin Ladi, ta dubi hancin Radiya. "Na gane. 'Yar fari ce ke nan. To 'yar rakiya, shigo, ba ni da wasu hannuwan."

Ta ja labule ta duba Radiya, ta ce kan ɗan bai sauko sosai ba, kuma bai juyo yadda ake so ba. Yarinyar ta riga ta gaji da tsayuwar da ta yi tun safe a gida, ba zancen zagaye ko durƙuso. Sista ta sa mata ƙarin ruwa, ta kwantar da ita a gefen hagu, ta ɗaga ƙafar dama ta cusa gyaɗar tsakanin cinyoyi, ƙafar ta kwanta daidai a tsukakken wurin. Wata mata ta kurma ihu a ɗaki na gaba, Sista ta fita da gudu.

Ladi ta zauna a kan benci tana kallon ikon Allah. Wannan wace irin dabara ce? Ana jiran baƙo ya fito, sai a ɗauko ƙaton abu a ajiye masa a bakin ƙofa? Ko ɗan akuya ba a yi masa haka. Ta tuna Sista ta ce rabonta da abin tun wani horo, wato ita ma ba gwanarsa ba ce. Ta tuna bayanin Gwaggo mai baki uku. Ƙila ƙarƙashin kai ake sawa. Ƙila sai an haihu ake hawa. Radiya ta yi wani nishi mai tsawo, ta damƙe ƙarfen gado, sai Ladi ta ji ba za ta iya zama tana kallon ana toshe wa jikanta hanya ba. Ta tashi, ta kama gyaɗar ta kai ɗaya, ta zare ta a hankali ba tare da ta taɓa ko zanin yarinyar ba, ta jingine ta a bayan ƙofa. Radiya ta buɗe ido ta gani. Ta haɗe gwiwoyinta ta dunƙule.

An daɗe kafin Sista ta dawo, don matar can tagwaye ta haifa. Tana shigowa ta tsaya cak.

"Wa ya cire?"

"Faɗuwa ya yi," in ji Radiya.

"Ya faɗi ya tashi ya jingina kansa a bayan ƙofa?"

Sista ta sake dubawa, fuskarta ta canza, ta kira likita a waya ta yi magana ƙasa-ƙasa. Da ta gama ta juyo wajen Ladi.

"Mama, ki saurare ni. Inda na bar ta nan take, ba ta matsa ba. Ɗan lafiyarsa lau yanzu, amma likita ya ce in la'asar ta wuce ba ci gaba, babban asibiti za mu tura ta, ƙila a yi mata aiki. Ban ce abin nan magani ba ne. Taimako ne kawai, wani lokaci ya yi, wani lokaci bai yi ba. Amma shi muke da shi."

Aiki? Wuƙa a cikin yarinyar nan. Tsoro ya kama ta sosai, har ta manta ita 'yar rakiya ce.

"Sista, ai toshe hanya yake yi."

"Wace hanya? Dubi inda nake sa shi, wajen gwiwa ne. In za ki shigo da buhu ta ƙofa, ba dutse kike sawa ya tokare ƙyauren ba? To shi ne dutsen. Yana riƙe ƙugu a buɗe ita kuma ta huta. Sai dai ba a barinta a gefe ɗaya. In an jima ki juya ta dama, in an jima ki mayar da ita hagu, kowane juyi ki ɗaga ƙafar ki sa mata shi."

"Ni?"

"To wa? Ni ina da mai zubar da jini a can."

Ta mayar da gyaɗar tsakanin ƙafafun Radiya, ta fita. Ladi ta sake gwada lambar Gwaggo, matar nan ta ɗazu ta sake cewa ba ta samuwa. Makonni abin nan na gidanta tana lulluɓe shi da zani, ba ta koyi komai ba, ga shi yau za a fafe gora ranar tafiya. Ba ta gama yarda da zancen dutse da ƙyaure ba, amma ba ta da wani zancen da ya fi shi. Ta yi ta kallon inuwar taga na tafiya a ƙasa. Yaushe ne an jima? Da ta ga inuwar ta kai ƙafar gado sai ta tashi, ta goge hannuwanta a zani, ta ce wa ƙarfen ƙarin ruwa, "Wai a juya."

Radiya ta yi ƙoƙari, ta kasa. Ladi ta yi bismilla, ta sa hannu ƙarƙashin kafaɗarta. Jikin da zafi, da nauyi, jiƙe da gumi, jikin babbar mace. Rabonta da shi tun yana ɗan ƙarami tana masa wanka a ɓoye a bayan ɗaki. Ta mirgina ta, gyaɗar ta sulle ta faɗi ƙasa ta yi tsalle zuwa bakin ƙofa, ta bi ta ta kamo. Ta sa ta a tsaye, ba haka ba. Ta sa ta a gicciye, ta yi ƙasa da yawa.

"Sama kaɗan, Inna," in ji Radiya cikin raɗa. "Tsakiyar ce a gwiwa."

Ladi ta ɗaga ƙafar da hannu biyu. A ƙwaurin ta ga wani tabo mai faɗin tafin hannu, fata ta tattare ta yi sheƙi, tsohon tabon ƙuna. Ta tsaya riƙe da ƙafar. Ta san tabon kowane ɗa nata, ta san wanda ya faɗo daga mangwaro da wanda kwalba ta yanka. Wannan ba ta san shi ba.

"Yaushe kika ƙone?"

Sai da maganar ta fita ta ji cewa ita ta yi wa, ba bango ba.

"Ina firamare. Ruwan zafi ne."

"Ba a faɗa min ba."

"Na zo, Inna. Akwai baƙi a ɗaki, kika ce masu kuka su je wajen Gwaggo."

Ba da zafi ta faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan sama ta faɗa. Ciwo ya sake tasowa, ta lalubi ƙarfen gado, sai ta samu hannun uwarta a wurin, ta damƙe. Ladi ba ta janye ba. Baƙin ciki ne ya cika ta, irin wanda ba ta san wa za ta ɗora wa ba.

Daga nan suka shiga aiki. Hagu, dama, hagu. Ladi ta koyi tokare gyaɗar da cinyarta kada ta gudu, ta koyi danna ƙasan bayan yarinyar da dunƙulen hannu in ciwo ya zo, tana karanta duk addu'ar da ta zo bakinta, har da ta shiga kasuwa. Aka kira la'asar a masallatan unguwa. Sista ta shigo, ta ja labule, ta duba, sannan ta ɗago kai.

"Ya sauko. Mama, yanzu kam cire gyaɗarki, ta gama nata."

Ko gyaɗar ce, ko juyin ne, ko addu'a, ko kuwa dama lokacinsa ne ya yi, Ladi ba ta sani ba, Sista ma da aka tambaye ta daga baya kafaɗa ta ɗaga. Rana ba ta faɗi ba yaro ya faɗo, namiji, da kai ɗaya tak, yana tsala kuka kamar an ci bashinsa.

An gama gyara mai jego ke nan sai ga Gwaggo Hassana afujajan, da ƙurar mota a gira, bayanta matan unguwa sun cika ƙofa. Guɗa ta tashi, Sista ta tsawatar, aka koma barka da arziki ƙasa-ƙasa. Sista ta naɗo jaririn a tawul ta nufo gado da shi.

"Maman yaro, ga ɗanki. Karɓi ki gan shi."

Ladi na tsaye a gefen gadon, saboda haka ita kaɗai ta ga hannun Radiya ya ɗago daga kan katifa. Ya ɗago, yatsun sun buɗe. Sai yarinyar ta dubi matan da ke ƙofa, ta dubi uwarta, ta mayar da hannun ƙarƙashin zani, ta juya fuskarta bango.

Mata suka ɗauki shewa.

"Ayyururui! Kunya ta yi!"

"Ai 'yar Ladi ce, ba a ƙasa ta tsinta ba."

"Ladi, kin iya haihuwa. Yaran yanzu da ke rungume ɗan fari suna ɗaukar hoto, su zo su ga tarbiyya."

Gwaggo Hassana ta miƙo hannu tana dariya. "Kawo shi nan, Sista, nawa ne. Ana yaye shi ɗakina zai dawo."

Yabo ne, irin wanda Ladi ta yi shekaru tana tarawa, amma yau ji ta yi kamar ana watsa mata ruwan zafi. Ta dubi ƙeyar 'yarta, kitson ya jiƙe ya manne, kafaɗar na rawa kaɗan-kaɗan. Kafin Gwaggo ta ƙaraso, Ladi ta karɓe jaririn daga hannun Sista. Tsakanin gado da bango wurin bai fi kamu biyu ba. Ta tura gadon da ƙugu, ya yi ƙara, ta kutsa ta gefe har ta kai daidai fuskar Radiya, ta kwantar da yaron a kan hannunta, kumatu da kumatu.

"Dube shi."

"Inna, mutane..."

"Na gan su. Dube shi, na ce. Ki dube shi ki ƙoshi."

Ta zare mayafinta, ta ware shi da hannu biyu a kan gadon, ya tsaya tsakanin matan da mai jego. Shewar ta mutu. Ta saman mayafin tana ganin idanunsu duka a kanta, ita Ladi da ake misali da ita, kai ba lulluɓi, hannuwa a sama. Ta ƙarƙashinsa kuma tana jin Radiya na kuka a hankali, tana yi wa yaron wata magana da ba ta fita sosai.

"Ladi," in ji Gwaggo Hassana, "me kike yi haka?"

"Wallahi Yaya, ni ma ban sani ba."

Hannuwanta sun fara sagewa, amma ba ta sauke mayafin ba.